Siddiq Ya Gyaɗa Kai

Litinin, 7 ga Yuli, bayan la'asar

Yau suka kai Siddiq kotu, ba wanda ya sanar da mu. Na je caji ofis da kular abinci kamar yadda nake yi tun ranar Alhamis, ɗan sandan da ke kan kanta ya ce ai an wuce da su tun safe. Kafin in samu keke in isa, an gama.

Magatakardan kotu ne ya yi min bayani. Ya ce an karanta masa tuhuma da Turanci, aka maimaita da Hausa, aka tambaye shi ko ya aikata, ya gyaɗa kai. An rubuta ya amsa laifi. Na ce masa ƙanena kurma ne, tun da aka haife shi bai taɓa jin sautin komai ba, bai kuma taɓa furta kalma ba. Sai ya ce to me ya sa ya gyaɗa kai?

Siddiq kowa yana gyaɗa wa kai. In ya ga bakin mutum na motsi a gabansa, sai ya gyaɗa kai ya yi murmushi. Inna ce ta koya masa tun yana ƙarami don kada a ce ba shi da ladabi.

An tura shi gidan gyaran hali, sai likita ya kawo rahoto kan wanda ya ji rauni sannan a yanke hukunci. Na dawo da tuwon. Na ce wa Inna yau an hana shiga da abinci.

Talata, 8 ga Yuli, da safe

Na gaya wa Inna gaskiya. Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta ɗebo kayansa wankakku ta sake wanke su.

Alhamis, 10 ga Yuli, bayan azahar

Wata abokiyar aikina a makaranta ta kwatanta min ofishin wasu lauyoyi da ke tsaya wa masu buƙata ta musamman kyauta. Ɗaki biyu ne a bayan wani kemis, an zuba siminti a ƙofar an yi gangara don masu keke. Na tarar da makaho ɗaya da wata mata da ɗanta a kan benci suna jira.

Lauyar sunanta Barista Morenike. Bayarabiya ce, amma a nan Suleja ta tashi, Hausarta ta fi ta wasunmu. Da sanduna biyu take tafiya, shan inna ya taɓa ƙafafunta tun tana yarinya. Ta saurare ni har ƙarshe ba ta katse ni ba. Da na zo kan abin da ya faru a shagon kafintoci na Oga Ikenna, inda Siddiq ke aiki, na kasa ci gaba, ta ce in bar shi, za ta karanta a fayil.

Ta ce doka ba ta da ruɗani a nan. Duk wanda ake tuhuma sai an fahimtar da shi tuhumar da yaren da yake ji, kuma kotu ce za ta samar da tafinta, ba mu ba. Za ta nemi a soke amsa laifin da aka rubuta, a sake daga farko, sannan ta nemi beli.

Na tambaye ta kwana nawa hakan zai ɗauka. Ta cire tabarau ta goge.

"Malama Asama'u, dokar tana tare da mu," in ji ta. "Kwanakin ne ba na iya miki alkawari."

Duk da haka na fito da sauƙi a ƙirjina. Har masara na saya a hanya.

Asabar, 12 ga Yuli, da yamma

Na gan shi.

Raga biyu ce tsakaninmu, ɗakin kuma duhu-duhu. Sauran mutane suna ta ɗaga murya suna jin juna. Mu haske muke buƙata. Na matsa jikin taga don ya ga hannuwana.

Ya ɗora tafi a kumatu, wato Inna. Na nuna masa lafiya lau. Ya nuna min yana cin abinci, amma wuyansa ya fito. Sai ya taɓa haƙoransa na gaba da ɗan yatsa. Wannan shi ne sunan abokin aikinsa Nu'uman a wurinmu, saboda wushiryarsa. Na yi kamar ban gani ba, na nuna masa sabulun da na kawo. Ya sake taɓawa. Na nuna masa silifas.

Wani gandiroba ya zo ya ce mu daina wannan nune-nunen, bai san abin da muke ƙullawa ba. Na ce masa maganarmu ke nan. Ya ce to mu yi a hankali.

Litinin, 14 ga Yuli, da hantsi

Ruwa tun asuba. Ɗakinsa na yoyo ta kusurwar nan da ya ce zai gyara. Na sa roba.

Laraba, 16 ga Yuli, bayan la'asar

Zamanmu na farko da Barista. Kotun a bene take. Na riƙe mata jaka da fayil, ta hau da kanta mataki-mataki, gumi na tsatso mata. Ta ce kada in damu, ta saba da wannan benen.

An shigo da Siddiq da ankwa a hannu. Abu na farko da ta roƙa shi ne a cire, ta ce ɗaure hannun kurma daidai yake da toshe bakin mai magana. Majistare ya yarda, aka cire. Ba mugun mutum ba ne, ina gani. Ya saurare ta, ya ce ya fahimta, amma ba zai iya sauraron buƙatar ba sai wanda ake tuhuma yana bin abin da ake yi. Ina tafinta? Babu.

Barista ta nuna ni, ta ce ga yayarsa, ita ta fi kowa jin maganarsa. Mai gabatar da ƙara ya miƙe ya ce 'yar'uwarsa ce, za ta faɗi abin da take so ne, ba abin da ya ce ba. Majistare ya ce yana da gaskiya.

Ina zaune taku kaɗan daga Siddiq. Yana kallona yana tambaya da gira, me suke cewa? Aka ce kada in yi masa alama a cikin kotu.

An ɗage zuwa Alhamis ta sama. An umarci rajistar kotu ta nemo tafinta.

Juma'a, 18 ga Yuli, da safe

Shugabar makarantarmu ta kira ni ofis. Ta jajanta min sosai, sannan ta tuna min jarrabawar ƙarshen zango ta matso, kuma 'yan aji huɗu sun kwana biyu ba malama.

Lahadi, 20 ga Yuli, bayan azahar

Oga Ikenna ya zo gida gaida Inna, ya kawo doya. Ya zauna a bakin tabarma yana murza hularsa. Ya ce shekara tara Siddiq na aiki a wurinsa, bai taɓa samun yaro mai hannu irin nasa ba, kuma shi bai kai ƙara ba, dangin Nu'uman ne. Ya ce ranar ba ya nan, ya je Diko ɗauko katako. Abin da yaran shago suka gaya masa shi ne da injin yanka katako ya kama hannun Nu'uman sun yi ta ihu a kashe injin, a kashe injin, Siddiq na tsaye kusa da makunni bai motsa ba.

Ya ce shi ma ya tambaye su, ihu kuka yi wa wa?

Amma ga 'yan sanda sun faɗi wata magana daban, wai an ga su biyun suna sa-in-sa da safe. Siddiq da Nu'uman kullum cikin sa-in-sa suke, a kan ƙwallo, a kan guduma, a kan wa zai sayo kunu. Nu'uman ne kaɗai a shagon ya koyi maganar hannu don shi. Tare suke cin abinci a kwano ɗaya.

Na tambayi Oga Ikenna ko zai zo kotu ya faɗi haka. Ya ce zai duba. Injin ɗin dama murfinsa ya daɗe da karyewa, kowa ya sani. Na gane abin da zai duba.

Talata, 22 ga Yuli, da yamma

An ce an sallamo Nu'uman daga asibiti, mahaifiyarsa ta tafi da shi Izom. Ban je ba. Ban san da wace fuska zan je ba. Ban san hannun dama ne ko hagu ba, kuma ba na so in tambaya.

Alhamis, 24 ga Yuli, bayan la'asar

Rajista ba ta nemo kowa ba. Sun ce sun rubuta wa Minna, ba amsa.

An ɗage.

Asabar, 26 ga Yuli, da yamma

Ziyara. Akwai kumburi a gefen idonsa. Na tambaye shi, ya kawar da kai. Wani dattijo da suke ɗaki ɗaya ya matso jikin raga ya ce min lokacin ƙirga mutane ne, ana kiran suna kowa ya amsa, shi kuma yana kwance ya juya baya. Sabon ma'aikaci ne ya buge shi, bai san kurma ba ne. Dattijon ya ce yanzu shi yake taɓa ƙafarsa in an zo.

Na yi masa godiya. Ban ma tambayi sunansa ba.

Siddiq bai yi magana da yawa ba. Ya taɓa haƙoransa sau ɗaya, ya kalle ni, sai ya sauke hannu tun kafin in kawar da zancen.

Litinin, 28 ga Yuli, da hantsi

Barista ta rubuta wa gidan gyaran hali kan idon nasa. Ta ce ba za ta ƙara jiran rajista ba, ofishinsu zai kawo tafinta daga Abuja. Muryarta a waya a gajiye. Na ji ana kiran ta a bayanta, wata shari'ar ce, ta wani gurgu da aka kora daga aiki.

Ba mu kaɗai ba ne. Ban san ko wannan ya kamata ya sanyaya min rai ba.

Laraba, 30 ga Yuli, bayan la'asar

Tafinta ya zo. Malam Ignatius sunansa, yana koyarwa a makarantar kurame. Mutum mai kirki, da jakarsa a kafaɗa, ya baro gida tun duku-duku saboda cunkoson hanya. Da na gan shi na ce yau dai an zo ƙarshe.

Ya rantse, ya tsaya gaban Siddiq, ya fara. Hannuwansa na gudu kamar ruwa, gwanin kyau. Siddiq ya zuba masa ido. Sai ya yi murmushi ya gyaɗa kai.



Malam Ignatius ya sake gwadawa a hankali, ya haɗa da haruffan yatsu. Siddiq ya gyaɗa kai. Allah ya saka wa mutumin nan da alheri, bai rufe ba. Ya juya ya ce wa majistare wannan bawan Allah ba ya fahimtarsa, shi ma ba ya fahimtar nasa sai kaɗan. Yaren makaranta daban, abin da Siddiq ke yi na gida ne da na kasuwa.

Siddiq bai yi makarantar kurame ba. A lokacin babu ita kusa, Baba kuma ya ce ba zai kai ɗansa nesa ya kwana a hannun baƙi ba. Yarensa ni da shi da Inna muka gina a tsakar gida, ya ƙara da na kuramen tasha.

Mai gabatar da ƙara ya ce an nemi tafinta, an kawo tafinta, yanzu kuma me ake so? Wasu a baya suka yi dariya.

An ɗage.

A kan bene muna saukowa Barista ta tsaya ta jingina da bango. Ta ce laifinta ne, ya kamata ta haɗa su tun kafin zama. Na ce ba laifinta ba ne. Muka ci gaba da saukowa.

Alhamis, 31 ga Yuli, da safe

Ban je makaranta ba. Ban je ko'ina ba.

Lahadi, 3 ga Agusta, bayan azahar

Malam Ignatius ya kira Barista da wata shawara. A samo kurma babba wanda ya iya yaren makaranta kuma ya iya na tasha. Siddiq ya yi wa kurman, kurman ya yi wa Malam Ignatius, shi kuma ya faɗa wa kotu.

Na san mutum ɗaya. Maiturare, dattijon kurma mai tebur ɗin turare a bakin tasha, wanda kuramen gari ke taruwa wurinsa ranar Juma'a. Na je na same shi. Ya san Siddiq, sunan da suke kiransa shi ne alamar goga katako. Da na gama nuna masa abin da ke faruwa, ya daɗe yana kallon motoci. Sai ya nuna min yana tsoron kotu, an taɓa rufe shi kwana biyu yana saurayi, har yau bai san dalili ba. Amma zai zo.

Laraba, 6 ga Agusta, da yamma

Inna ta daina tambayata yaushe. Tana dai ajiye masa nama a gefen tukunya, in ya kwana ta ba yaran maƙwabta.

Asabar, 9 ga Agusta, da yamma

Ziyara. Ya zauna hannuwansa a tsakanin cinyoyi. Duk abin da na nuna masa, kai kawai yake gyaɗa min. Ni ma yanzu.

Laraba, 13 ga Agusta, bayan la'asar

Kowa ya zo. Barista, Malam Ignatius daga Abuja, Maiturare da babbar riga fara yana ƙamshi. Aka kawo Siddiq. Muka jira har rana ta take. Sai magatakarda ya fito ya ce majistare ba zai zauna ba, an yi masa canjin wurin aiki, wanda zai gaje shi bai kama aiki ba tukuna.

Barista ta ɗauki sandunanta. Ta je wurin gandiroban da ya kawo su, ta roƙe shi ya ba ta ɗan lokaci da wanda take karewa kafin mota ta tashi, kuma a cire ankwa. Ya duba agogo, ya cire.

A barandar ƙasa muka tsaya, kusa da inda ake ajiye babura. Maiturare ya dafa kafaɗar Siddiq, ya tambaye shi me ya faru. Siddiq ya taɓa haƙoransa, sannan ya shimfiɗa tafinsa ya kife, ya yi alamar zuba ƙasa. Ya ɗaga gira.

Ba sai an fassara min ba. Yana tambaya ne ko an riga an binne Nu'uman.

Rabonsa da Nu'uman tun ranar da aka ɗauke shi a sume cikin jini aka sa a mota. Daga nan aka kama shi, aka rufe shi, aka kai shi gaban mai baƙar riga. Ba wanda ya gaya masa komai. Ya tambaye ni, na nuna masa sabulu. Ni ina gudun kada in tayar masa da hankali, shi kuma ya ɗauka shirun da na yi amsa ce. Duk makonnin nan yana zaune a can yana ganin ya kashe abokinsa, kuma abin da ake masa daidai ne.

Na kama fuskarsa na juyo da ita. Na nuna masa Nu'uman na nan da rai, yana tafiya, yana cin abinci, yana Izom. Hannu ne kawai. Ya dubi Maiturare, Maiturare ya tabbatar masa. Sai ya zauna a ƙasa, ya yi wannan sautin da yake yi tun yana yaro in kuka ya ci ƙarfinsa, wanda shi bai san yana fita ba. Masu babura suka juyo suna kallo.

Bayan nan hannuwansa suka buɗe. Ya faɗi komai. Ya juya baya yana goga ƙofar kabad. Ta tafin ƙafarsa ya ji girgizar injin ta canza. Ya waiwaya, ya gani, shi ne ya kashe injin, shi ne ya cire rigarsa ya ɗaure hannun. Maiturare na karɓa yana miƙa wa Malam Ignatius, Malam Ignatius na faɗa da baki, kalma bayan kalma, daidai yadda aka tsara. Abin ya yi aiki sarai.

A baranda. Ba alƙali, ba rantsuwa. Barista ce kaɗai ke rubutu, ta jingina sandunanta da bango ta ɗora fayil a kan sirdin babur.

Gandiroba ya ce lokaci ya yi. Aka mayar da ankwa.

Juma'a, 15 ga Agusta, da yamma

Na je Izom. Mahaifiyar Nu'uman ta amsa sallamata daga bakin ƙofa, ba ta ce in shigo ba. Ta ce ɗanta barci yake. Ta ce ita ba ta ce ɗan'uwana mugu ne ba, amma nata ɗan kafinta ne, yanzu da me zai riƙe guduma? Wa zai tsaya masa shi?

Na ce mata ofishin Barista na tsaya wa irinsa ma, yanzu shi ma nasu ne. Na ba ta lambar. Ta karɓa, ta ƙulle a bakin zane, ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Ina fita na ga labulen taga ya motsa. Na ɗan tsaya. Ba wanda ya fito.

Litinin, 18 ga Agusta, bayan azahar

Barista ta kira. An ba da sabuwar rana, cikin watan Oktoba. Sabon majistare zai fara duba fayil daga farko. Ta ce za ta kai buƙatar beli babbar kotu, amma suna hutu, alƙali ɗaya ne ke sauraron na gaggawa kuma layin da tsawo. Za ta gwada. Ta ce in gaya wa Maiturare kada ya gaji da mu.

"Kin ci abinci yau?" in ji ta.

Na ce eh. Ta ce ita ma haka take cewa.

Asabar, 23 ga Agusta, da yamma

Ziyara. Yau shi ya riga ni matsawa jikin taga. Ya yi aski, idon ya saɓe. Ya tambayi Inna, ya tambayi yoyon ɗakinsa, ya tambaya wane hannu ne. Na ce dama. Ya dubi nasa hannun na dama ya daɗe, sannan ya nuna min zai koya wa Nu'uman aiki da hagu, shi zai riƙe masa katako. Har ya yi dariya.

A ganinsa an gama. Ya faɗi abin da ya faru a gaban mutane, mai tabarau ta rubuta, Nu'uman na da rai. Me ya rage?

Ya ɗora kai a tafi ya ɗaga yatsa ɗaya, wato kwana ɗaya, gobe zan fita?

A yarenmu babu Oktoba. Babu ɗage shari'a, babu canjin wurin aiki, babu hutun kotu. Muna da yau, muna da gobe, sai wata alama guda, a miƙa hannu gaba a kaɗa yatsu, wadda muke yi wa duk abin da ke da nisa. Da ita muke cewa Makka. Da ita muka gaya masa inda Baba ya tafi ranar da ya rasu.

Na so in ɗaga masa yatsa ɗaya. Ya tsare ni da ido yana jira, gandiroba na buga ƙarfe lokaci ya ƙare.

Na miƙa hannu gaba na kaɗa yatsu.